Daga Akushi Zuwa Kula: Tarihin Abincin Sallarmu da Yadda Ya Biyo Mu Apo



A zamanmu na ƙarshe, bayan an gama maganar kuɗin wata da ta gyaran makabarta, hira ta gangaro kan hidimar Sallah. Nan wata daga cikin iyayenmu mata ta yi tambayar da ta sa wuri ya yi tsit. Cewa ta yi: "A cikin 'ya'yanku da aka haifa a garin nan, wace ce za a ba mudun alkama yau, gobe ta kawo mana alkaki?" Aka kalli juna, aka yi 'yar dariya, amma ba wanda ya ambaci suna ko ɗaya. Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya dace mu waiwaya, mu duba inda abincin Sallarmu ya samo asali, da hanyar da ya bi har ya iso Apo, da abin da ya zube a kan hanya.

GERO DA DAWA SU NE IYAYEN GIDA

Duk abin da ke cikin tukunyarmu yana da shekarunsa, kuma gero ne dattijo. Masu tonon kayan tarihi sun samo burbushinsa a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali, wanda ya kai kimanin shekara 4,500. Dawa kuma daga gabas ta zo mana, ta wajen ƙasar Sudan ta yanzu. A kan waɗannan biyu aka gina rayuwar Bahaushe: tuwo da dare, ɗumame ko koko da safe, fura da rana. Shi ya sa har gobe idan za a kira mutum cin abinci sai a ce "zo mu ci tuwo", ko da abin da ke cikin kwanon taliya ce.

Matasanmu ba su san wahalar da ke bayan malmala ɗaya ba. Sai an sussuka, an sheƙe, an surfa, an bakace, an wanke, an shanya, sannan a durƙusa gaban dutsen niƙa ko a koma turmi, a tankaɗe da rariya. Bayan haka a ɗora ruwa, a yi talge, a rufe, a tuƙa da muciya, a kwashe da mara a jera a akushi. Aikin yini guda ne, kuma kullum ake yin sa. Luguden da matan gida ke yi da asuba shi ne agogon unguwa.

Miyar da ke tafiya da tuwon ita ma daga bayan gida take: kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa, kabewa, da daddawar kalwa da ake samu daga itacen ɗorawa. Gishiri da kanwa kaɗai ke zuwa daga nesa. Ayarin raƙuman Buzaye ne ke ɗauko gishiri daga Bilma, kanwa kuma ta fito daga ƙasar Barno da Manga.

Shinkafa ma ba baƙuwa ba ce kamar yadda wasu ke zato. Akwai jar shinkafa ta Afirka, wadda masana ke cewa an fara nomanta a fadamun kogin Neja a ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, kuma mutanen Kabi da Sakkwato sun daɗe suna nomanta a fadamun gulbin Rima. Sai dai a mafi yawan ƙasar Hausa ba abincin kullum ba ce. Ta ranar buki ce da ranar baƙo. Wannan shi ne asalin darajar tuwon shinkafa da miyar taushe ranar idi. Kakanninmu suna jiran sa ne daga shekara zuwa shekara.

ABIN DA RAƘUMA SUKA KAWO

Idan muka saurari sunayen kayan ƙwalamar Sallah, za mu ji inda suka fito. Alkama, alkaki, alkubus, albasa, gurasa, sukari, shayi, duk kalmomin Larabci ne da bakin Bahaushe ya gyara. Sun shigo tare da fatake da malamai da suka ratso Sahara daga Tarabulus da Gadamas da Masar. A birnin Kano har yanzu akwai unguwar Dandalin Turawa, kuma a wancan zamani Larabawa ake kira Turawa. Daga irin waɗannan gidaje gurasa ta fita, ta zama sana'ar matan birni, musamman a wajen Jakara.

Alkama ba ta son zafin damina. Da rani ake nomanta, a lambu, lokacin sanyin hunturu, ana ba ta ruwa da jigo guga bayan guga. Saboda haka ta yi tsada, ta zama abincin fada da gidajen attajirai. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya isa Agadas a 1850, kafin ya shigo Kano a 1851. A cikin labarin tafiyarsa ya ambaci funkason alkama da man shanu da aka aiko masa daga fada a Agadas, ya kuma yaba shi matuƙa. Ke nan funkason da muke ci da miyar taushe ya haura shekara 170 da wannan suna, kuma tun a lokacin abincin karrama baƙo ne.

Wannan tsada ta alkama da zuma da man shanu ita ta sa alkaki da nakiya suka zama kayan gara. Uwar amarya tana nuna gatan 'yarta da su. Kuma akwai hikima a ciki: abinci ne da ba ya lalacewa da wuri a ƙasar da babu firji. Nakiyar da aka soya shinkafarta da kyau, aka daka ta da zuma da man shanu da citta da kanumfari da masoro, takan yi watanni a cikin ƙwarya, har amarya ta ci ta a ɗakin jego.

Akwai kuma baƙin da suka zo daga bayan teku. Masara, rogo, gyaɗa, dankali, tumatir da barkono duk 'yan asalin nahiyar Amurka ne, sun iso Afirka bayan shekarar 1500. Sunan masara ma yana nuna hanyar da Bahaushe ya ɗauka ta biyo, wato Masar. Mu tsaya mu yi tunani: akwai zamanin da aka yi miyar taushe babu gyaɗa, aka yi tsire babu ƙuli-ƙuli. Abin da muke kira na gargajiya shi ma an taɓa yi masa kallon baƙo.

JIRGIN ƘASA, FULAWA DA DUNƘULE

Layin dogo ya isa Kano a 1911. Ya kwashi gyaɗa ya yi kudu, ya dawo da manja, garin kwaki, goro, sukarin kwali da kwanukan langa. Akushi da ƙwarya suka fara ja da baya, jeren kwanuka ya cika ɗakunan amare. Man gyaɗa ya wadata, suya ta yi sauƙi.

Bayan samun 'yancin kai canjin ya ƙara sauri. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962, daga baya aka buɗe irinsa a Bompai ta Kano. Fulawa ta shigo kowane kanti. Da ita cincin da kek da fanke suka samu gurbi a faifan Sallah, dubulan ya yawaita, injin murza taliya ya shiga gidaje. Injin niƙa ya kwantar da dutsen niƙa. Dunƙulen Maggi, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Suwizalan a farkon ƙarni na 20, ya zauna kusa da daddawa, a wasu gidajen ma ya ture ta.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 da ƙarin albashin Udoji su suka kawo shinkafar waje buhu-buhu. Cikin shekaru kaɗan shinkafa da miyar tumatir da soyayyar kaza suka zama abin da yara ke kira abincin Sallah. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, aka koma nomanta a Kadawa da ruwan madatsar Tiga, wasu gidaje suka dawo da alkubus da funkason alkamar gida, har zuwa 1992 da aka ɗage hanin. Siyasar Legas da Abuja ta daɗe tana leƙa tukunyar iyayenmu.

HAUSAWA BA JIYA SUKA ZO ABUJA BA

Sau da yawa mukan ɗauka tarihinmu a nan ya fara ne da ranar da aka ba mu takardar canjin wurin aiki. Ba haka ba ne. Lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Zariya a 1808, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya zauna a Zuba. Ƙanensa Abu Ja shi ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Waɗannan Zagezagi sun zo da turminsu da tandarsu, suka tarar da Gbagyi da Koro da Gwandara da sauran masu ƙasa, masu noman doya da dawa. Tun daga lokacin doya da manja suka shiga girkin Hausawan wannan yanki, tuwo da fura da waina kuma suka shiga kasuwannin maƙwabta.

Tukunyar da aka yi girkin ma ta nan ce. Matan Gbagyi sun yi suna wajen ginin tukwane, kuma daga cikinsu Ladi Kwali ta fito, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja a 1954, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Duk wadda ta taɓa dafa miyar kuka a tukunyar ƙasa ta san bambancinta da ta ƙarfe.

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da sabon babban birni, a ranar 12 ga Disamba 1991 kuma fadar gwamnati ta taso daga Legas. Tsakanin waɗannan shekaru leburori da magina da direbobi da 'yan tireda suka cika wurin, yawancinsu ba su zo da iyali ba. Waɗanda suka fara ciyar da su su ne masu shayi, masu tsire, masu tuwo-tuwo a rumfunan langa-langa, da matan Fulani masu tallan fura da nono daga rugagen da ke kewaye.

Apo ita ma ƙauyen Gbagyi ce kafin birni ya iso ta. Daga baya aka gina rukunin gidajen da 'yan majalisar tarayya suka zauna bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, kafin gwamnatin Obasanjo ta sayar da su. Aka keɓe Apo Resettlement domin mutanen ƙauyukan da birni ya ci filayensu, aka tara makanikai da masu kayan gyaran mota a gefe guda. Haka muka taru: Bakano, Bakatsine, Basakkwace, Bazazzagi, mutumin Bauchi, mutumin Maraɗi, kowa da irin hannun mahaifiyarsa. A nan wasunmu suka fara cin masar Bauchi da ƙuli, wasu suka fara ganin sinasir da miyar Barebari, wasu suka fara jin yadda Sakkwatawa da mutanen Nijar ke tsire ragon layya a jikin itace su kewaye wuta da shi, alhali Bakano rataye nasa yake yi ya kwana, washegari a yanka a raba a hau suya.

SALLAR DA BA MU JE GIDA BA

Shekara da shekaru Abuja ba garin Sallah ba ce. Ana gobe jajibere tashoshin mota sun cika, tituna sun yi fayau. Mukan tafi gida, mu tarar an riga an jiƙa shinkafar waina, Inna ta kwaɓa funkaso, Gwaggo ta naɗe alkaki. Matanmu su kama aikin yankan alayyafo da gyaran kaji, mu ci, a cika mana leda da dambun nama da nakiya, mu dawo. Ba mu lura ba cewa asirin girkin yana hannun tsofaffin da muka baro, mu masu ɗauko ƙullin kawai ne.

Shekarar 2020 ce ta tona mana asiri. An kulle Abuja daga ƙarshen Maris saboda annobar korona, an hana tafiya tsakanin jihohi, Ƙaramar Sallah ta same mu a cikin gidajenmu. A ranar ne wayoyi suka yi ta ƙara a Kano da Katsina da Gusau: "Inna, kanwar nawa ake sawa?" "Hajiya, ƙullun ya ƙi tashi." An yi wainar da ta kama tanda, an yi funkason da ya sha mai ya kwanta. Bayan shekara biyu, harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da jirgin har zuwa Disamba, tsoron hanya ya zaunar da da yawanmu a Sallah biyu. Sai kuma cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wanda ya sa kuɗin motar iyali guda zuwa gida ya zama abin da sai an yi shawara. Yau da yawanmu a nan muke idi, kuma 'ya'yanmu Apo suka sani a matsayin gida.

Tsofaffin da muke kira a waya kuwa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

ABIN DA YA RAGE DA ABIN DA YA ZUBE

Kada mu yi wa kanmu rashin adalci. Waina tana nan da ranta. Ta bar murhu ta hau gas, tandar ƙasa ta koma ta ƙarfe, yis ya maye gurbin tsamin kwana, bilenda ta maye gurbin kai markaɗe. Amma ƙa'idarta ba ta canja ba: farar shinkafar tuwo a jiƙa, a dafa kaɗan daga ciki a haɗa, a markaɗa, a bar ƙullu ya tashi, a kashe tsaminsa da ruwan kanwa, a soya da wuta marar ƙarfi don cikin ya nuna. Miyar taushe ma ba ta rasa komai ba, domin kabewa da yakuwa da tantaƙwashi suna nan a kasuwar Garki da ta Gudu. Dambun nama ya ma ƙara daraja, shi ne guzurin ɗalibai da na alhazai. Kuma 'yan matanmu da dama sun mayar da girki sana'a, suna tallata shi a WhatsApp da Instagram, suna biyan kuɗin makaranta da shi. Wannan abin a yaba ne.

Abin da ke zubewa shi ne mai cin lokaci. Alkaki yana son a ɓarza alkama, a kwaɓa da nono, a bar ta ta kwana, a murza da mai har ta yi danƙo, a naɗe ɗaya bayan ɗaya, a soya, a tsoma a zuma ko dafaffen sukari mai ɗan tsamiya. Nakiya tana son turmi da hannu huɗu, kuma wanda ke zaune a bene na biyu ya san abin da maƙwabcin ƙasa zai ce idan ya ji daka. Dashishi, ɗanwake na garin dawa da rogo, burabusko, kunun kanwar mai jego, jelar ragon layya da ake adanawa har daren cika-ciki a watan Muharram, duk suna neman zama labari. Babu ɗayansu da aka rubuta. Ma'auninsu shi ne "ki zuba har ki ga ya yi", kuma wannan ma'auni ba ya shiga waya, sai an zauna kusa da mai shi.

Amma babbar asarar ba a cikin tukunya take ba. A garuruwanmu, kafin a sauko daga idi yara sun fara zirga-zirga da kwanuka, gidan liman, gidan mai unguwa, gidan surukai, gidan gwauruwar da ba ta da mai yi mata. Kwano ba ya dawowa wayam, ko wani tuwon ne ko goro ko 'yan kuɗin tukuici. Ta haka yaro ke sanin danginsa, ta haka kuma ake ciyar da mabuƙaci ba tare da an kunyata shi ba, tunda kowa aka kai wa. A nan kuwa katanga ta yi tsawo, ƙofa tana da mai gadi, wani ya shekara biyar bai san sunan na kusa da shi ba. Sai abinci ya kwana a kula ya lalace, alhali a bakin titi akwai ɗan acaɓa da mai wankin takalmi da yaron makaniki da suka yi idi ba su karya da komai ba, iyayensu na can nesa. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, kuma ranar Sallah a kwano yake tafiya.

SHAWARAR DA MUKA KAWO

Tarihin nan ya nuna mana cewa girkinmu bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Ya karɓi alkamar Larabawa, ya karɓi gyaɗar Amurka, ya karɓi doyar Gbagyi, ya karɓi fulawar Apapa, bai daina zama namu ba, saboda kullum akwai uwa da ke nuna wa 'ya. Wannan igiyar ce ke neman tsinkewa a hannunmu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka shugabanni suka amince mu gabatar da abu uku, domin a tattauna a zama mai zuwa.

Na farko, ɓangaren mata ya zaɓi Asabar ɗaya kafin azumi da wata kafin Babbar Sallah, a taru a gidan da ke da fili da turmi, iyayenmu su koyar da alkaki da nakiya da funkaso da dambun nama. A zo da 'yan mata, a zo da samari ma, domin daka da hura wuta ba su san jinsi ba, kuma yawancinsu makarantar kwana da hidimar ƙasa na jiran su. Ƙungiya za ta duba yiwuwar sayen alkama da mai daga asusu.

Na biyu, a samu masu rubutu biyu su zauna kusa da masu koyarwa, da mudu da gwangwani da cokali, su auna abin da hannu ke ɗiba, su rubuta, a kuma rubuta garin da kowane salo ya fito. Za mu adana a wannan shafi domin kowa.

Na uku, kowane gida ya ƙudurta fitar da kwano uku ranar idi: ɗaya ga ɗan uwa a ƙungiya, ɗaya ga maƙwabci ko da ba addininmu ɗaya ba, musamman masu masaukinmu Gbagyi da suke aiko mana da nasu a lokacin bukukuwansu, ɗaya kuma ga wanda ba shi da mai dafa masa. Kuma yaranmu za su kai da ƙafarsu, su gaisar, su faɗi daga gidan da aka aiko su.

Ita kuwa mahaifiyarmu da ta yi tambayar, mun koma mun same ta. Ta ce turminta na nan, hannunta ma bai mutu ba, alkama kawai za a kawo mata, amma a yi sauri.

Duk wanda ya san wani abincin Sallah na garinsu da ba mu ambata ba, ya sanar da mu ko ya faɗa wa shugabar mata. Inda muka yi kuskure a gyara mana. Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya yalwata mana abin sawa a tukunya, Ya nuna mana Sallah lafiya, Ya maimaita mana.


Sakataren Ƙungiya, Apo, Abuja.